Ƙanƙara, Ruwa Da Tururi: Bayani Kan Yadda Ruwa Ke Sauya Kama

A duk shekara, da zarar an shiga watan Maris zafin bazara ya kankama, koke-koken da ke fitowa daga karkara kusan iri ɗaya ne: tafkin da aka haƙa wa gari ya ƙafe tun kafin lokacinsa, ƙaramar madatsa ta ja da baya ta bar taɓo, kududdufin da dabbobi ke sha ya koma fako. Sau da yawa koken yakan zo haɗe da zargi. Manoman rani su ce makiyaya ne suka ƙarar da ruwan, makiyaya su ce injinan ban-ruwa ne suka zuƙe shi, wasu kuma su ɗora laifin a kan wanda ya yi aikin haƙan. Wani lokaci zargin yana da tushe. Amma akwai kaso mai yawa na wannan ruwa da babu mutum ko dabbar da ta sha shi, rana da iska ne suka ɗauke shi a gaban idon kowa. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da kuma jami'an ƙananan hukumomi, bayani a kan yadda ruwa ke sauya kama daga wannan hali zuwa wancan, domin sanin hakan ya shafi noma da lafiya da ajiyar abinci, har ma da zaman lafiya tsakanin maƙwabta.

Abu ɗaya, kama uku

Ruwa yakan kasance a ɗaya daga cikin halaye uku. Akwai daskararre, wato ƙanƙara. Akwai mai gudana, wanda muke sha muke wanka da shi. Akwai kuma tururi, wanda ke gauraye da iska. Dukkansu abu ɗaya ne. Masana sun tabbatar da cewa ruwa tarin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ido ba ya iya gani, kuma kowace ƙwaya ta ƙunshi zarra biyu na haidurojin da zarra ɗaya ta oksijin. Ko ruwa ya daskare ko ya tafasa, waɗannan ƙwayoyi ba sa canzawa. Abin da ke canzawa shi ne yawan motsinsu da kusancinsu da juna, kuma zafi ne ke juya akalar wannan motsi.

A cikin ƙanƙara, ƙwayoyin suna riƙe da juna kam, kowace a gurbinta, sai ɗan kaɗawa kawai suke yi. Idan zafi ya shige su riƙon yakan sassauta, su riƙa zamewa a jikin juna, wannan shi ne narkewa. Idan zafin ya ƙaru, wasu ƙwayoyin sukan sami ƙarfin da za su kuɓuce baki ɗaya su shiga iska, sun zama tururi ke nan. Idan kuma aka janye zafin, sai al'amarin ya juyo: tururi ya koma ɗigon ruwa, ruwa ya daskare. Tsabtataccen ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, yana kuma tafasa a digiri 100 a wuraren da ke daidai da bakin teku. A kan tudu, inda nauyin iska ya ragu, yakan tafasa kafin ya kai haka. A Jos, wadda tsayinta daga bakin teku ya kai kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, shi ya sa wake kan ɗan ƙara jinkirin nuna a can.

Akwai kuma wata gajeruwar hanya da ba kasafai ake lura da ita ba, inda ƙanƙara ke zama tururi kai tsaye ba tare da ta narke ba. Masu firiza sun san ƙanƙarar da aka manta a buɗe tsawon makonni takan ragu alhali ba ta taɓa narkewa ba.

Ƙanƙara

Yawancin abubuwa sukan tsuke idan sun daskare, amma ruwa kumbura yake yi. Lita goma na ruwa idan suka daskare sukan ci wurin kusan lita goma sha ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa kwalbar da aka cika maƙil aka sa a firiza take fashewa, ledar zoɓo take tsagewa, kuma ƙanƙara take yawo a saman ruwa maimakon ta nutse.

Narkar da ƙanƙara yana cin zafi mai yawa. Zafin da kilo ɗaya na ƙanƙara ke sha kafin ya narke duka zai iya ɗumama kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa digiri 80. Daga jikin abin da ke kusa da ita take jan wannan zafi, shi ya sa 'yar ƙanƙara kaɗan ke sanyaya kwaryar fura ko jarkar kunun aya. Mai sayar da ita da ke lulluɓe ta da buhu ko garin katako yana tare zafin waje ne don kada ya isa gare ta.

A nan muna son jan hankalin jama'a kan wani kuskure da ya yaɗu. Mutane da dama suna ɗaukar cewa ruwan da ya daskare ya tsarkaka. Wannan ba haka yake ba. Sanyi ba ya kashe yawancin ƙwayoyin cuta, kwantar da su yake yi, da zarar ƙanƙarar ta narke kuma da dama daga cikinsu za su ci gaba da aikinsu. Idan an yi ƙanƙara da ruwan da ya gurɓace, ko aka ja ta a ƙasa aka fasa da ƙazamin ƙarfe, to duk wanda ya jefa ta cikin abin shansa ya sha gurɓataccen ruwa, kuma ta wannan hanya ana iya kamuwa da amai da gudawa ko zazzaɓin taifot. Inda ba a san asalin ruwan ba, abin da ya fi shi ne a sa ƙanƙarar a gefen mazubi ta sanyaya shi daga waje. Ya kamata duba-gari su riƙa tambayar masu yin ƙanƙara inda suke ɗebo ruwa, musamman a watannin zafi da lokacin azumi da cinikinta ke ƙaruwa.

Haka zalika, jami'an riga-kafi su tuna cewa sanyi ma yana ɓata magani. Yawancin alluran riga-kafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8. Wasu, irin su Penta da ta ciwon hanta, sukan lalace idan suka daskare, ko da an narkar da su daga baya. Robar ƙanƙarar da aka ciro daga firiza sanyinta ya wuce digiri 0 nesa ba kusa ba, don haka ba a jera ta nan take a jikin kwalaben magani. A ajiye ta a kan tebur har sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki, sa'an nan a sa ta a akwatin.

Tafasa da tururi

Farin hayaƙin da muke gani yana tashi daga bakin buta ba shi ne ainihin tururi ba. Tururi ba ya ganuwa. Wanda ya duba daf da bakin butar zai ga ɗan fili wayam kafin farin ya fara, to a nan tururin yake. Farin kuwa ƙananan ɗigon ruwa ne da suka samu bayan tururin ya haɗu da iska mai sanyi. Gajimare ma haka yake.

Da zarar ruwa ya tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya, zafinsa ba ya ƙara hawa komai yawan itacen da aka tura. Duk wutar da aka ƙara tana tafiya ne wajen mayar da ruwan tururi, kuma wannan aiki yana da tsada: ƙonar da lita ɗaya ta ruwa har ta ƙare yana cin zafi fiye da ninki biyar na wanda ake buƙata a kai ta daga digiri 0 zuwa tafasa. Ma'anar wannan ga uwargida a bayyane take. Idan tukunya ta tafasa, a rage wuta a rufe da murfi, wake ko nama zai nuna a kusan lokaci ɗaya, itacen da ya rage kuma ya yi girkin gobe. A garuruwan da mata da yara ke cin dogon zango neman itace, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wancan zafi mai yawa da tururi ya sha yana nan tare da shi, kuma yakan sake shi ne a duk inda ya koma ruwa. Da shi dambu ke nuna a madambaci, da shi ake dafa alala, da shi masu turara shinkafa ke aiki. Shi ne kuma ya sa ƙunar tururi ke da muni ƙwarai. Direbobi da masu injin niƙa su kiyaye: ruwan da ke cikin lagireto a matse yake, zafinsa yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Idan aka buɗe murfin da zafinsa, wani ɓangare na ruwan yakan zama tururi nan take, kuma lita ɗaya ta ruwa tana ba da tururi kimanin lita 1,700. Wannan kumburi ne ke feso tafasasshen ruwa a fuska. A jira inji ya huce.

Dangane da ruwan sha, a bar shi ya tafasa sosai yana ɓulɓula na tsawon minti ɗaya, a sauke a rufe ya huce a cikin mazubi mai tsabta. Wannan yana kashe ƙwayoyin cuta. Amma tafasawa ba ta fitar da gishiri ko kanwa ko maganin feshi ko gubar dalma, domin ruwan ne ke tashi ya bar su a tukunya. Al'ummomin da ke kusa da wuraren haƙar ma'adinai su lura da wannan, su nemi a gwada musu ruwansu.

Ruwan da ke tashi ba tare da wuta ba

Yanzu sai mu koma kan tafkin da muka fara da shi. Ba sai ruwa ya tafasa yake zama tururi ba. A kowane lokaci, dare da rana, ƙwayoyin da ke saman ruwa suna kuɓucewa zuwa cikin iska. Ta haka shanya ke bushewa, ta haka yaɓe ke shan iska. Zafin rana yana hanzarta wannan tashi, haka bushewar iska da kaɗawarta, haka kuma faɗin fuskar ruwan. A ƙasarmu, daga ƙarshen hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko, duk waɗannan sukan haɗu a lokaci guda.

A arewa mai nisa, buɗaɗɗen ruwa yana iya yin asarar zurfin kusan mita biyu a shekara ta wannan hanya, alhali ruwan saman da ke sauka a yawancin waɗannan wurare bai kai mita ɗaya ba. A tsakiyar bazara asarar tana iya kusantar santimita ɗaya a rana. Santimita ɗaya kamar ba komai ba ne, amma mu yi lissafi. Tafkin da faɗinsa ya kai hekta ɗaya, idan ya ragu da santimita ɗaya, lita 100,000 ne suka tafi, wato jarka 4,000 mai cin lita 25, a yini guda. Garke nawa ne zai sha haka?

Tafkin Chadi babban misali ne. Ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa zuwa teku, ga shi da faɗi ba zurfi, don haka mafi yawan abin da kogin Shari da Lagone da Komadugu Yobe ke zubawa a cikinsa sama yake tafiya. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Da farin shekarun 1970 da 1980 ya rage ruwan da ke shiga, rana kuwa ba ta rage nata aikin ba, sai tafkin ya tsuke ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da. Ya ɗan farfaɗo daga baya, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina. Manyan madatsun ruwa irin su Tiga, wadda aka kammala a 1974, su ma suna biyan wannan haraji kowace shekara.

Darasin ga masu tsara ayyuka a ƙananan hukumomi shi ne, zurfi ya fi faɗi amfani. Tafkuna biyu da ke ɗaukar ruwa daidai da juna, wanda ya fi zurfi da ƙarancin faɗi shi zai fi daɗewa, domin fuskar da ya miƙa wa rana ƙarama ce. A ganinmu, kuɗin da ake kashewa wajen faɗaɗa tafki don ya yi kwarjini ranar buɗewa ya fi dacewa a kashe shi wajen zurfafawa da yashe ƙasar da ke cike shi duk damina. Jeren itatuwa a ɓangaren da iska ke tasowa yana rage kaɗawarta a kan ruwan, sai dai a dasa su da ɗan nisa don kada saiwoyinsu su huda ganuwar madatsa.

Manomin rani ma abin ya shafe shi. Ban-ruwa da sassafe ko da yamma ya fi na tsakar rana albarka. Rufe gindin shuka da karmami ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa yana tare rana daga fuskar ƙasa. Manoman jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar sun farfaɗo da gonakin da suka zama fako ta hanyar haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, inda ake zuba taki, ruwan sama ya taru ya nutse maimakon ya kwanta a fili ya bi iska. Bugu da ƙari, ruwa idan ya tashi yakan bar gishirin da ke cikinsa. Da wannan dabara mutanen Bilma ke samun gishiri tun zamanin ayari. Amma a gona masifa ce: fadamar da ake malale wa ruwa babu magudanar fita, shekara da shekaru, sai a ga farin gishiri ya taso a kan kunya, amfani ya fara tsumburewa.

Sanyin randa

Ruwan da ke zama tururi yana tafiya da zafi, ya bar sanyi a bayansa. Kakanninmu sun yi aiki da wannan tun kafin a san firji. Jikin randa da tulu yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta janye zafi daga ruwan ciki. Salkar makiyayi ma haka take aiki. Wanda ya shafe bayan randa da siminti ko fenti ya kashe mata sanyi. Kuma kowa ya san ruwan randa ya fi sanyi da rani a kan watan Agusta, domin iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta iya ɗaukar ƙari sosai.

Wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a kan wannan tushe: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Tumatir da tattasai da alayyahu sukan ƙara kwanaki masu yawa ba su lalace ba. Wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabara ce ta kayan lambu, ba ta maye gurbin firjin asibiti.

Zufa ita ce randar jikin ɗan Adam. Bushewarta ce ke sanyaya jiki, wadda ta zuba ƙasa ba ta yi aikin komai ba. Shi ya sa kwanakin da suka fi haɗari su ne na ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya haura digiri 40 ga kuma laima ta fara shigowa gabanin damina. Idan aka ga mutum ya galabaita da zafi, ya rikice ko ya suma, a kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a kuma hanzarta kai shi asibiti.

Daga sama zuwa ƙasa

Tururin da ya tashi ba ya ɓacewa. Yayin da iska ke hawa sama takan yi sanyi, kimanin digiri shida da rabi a kowace kilomita, kuma iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururi mai yawa. Sai ya taru a jikin ƙwayoyin ƙura ya zama ɗigo, ɗigo ya zama gajimare. Laimar daminarmu tana zuwa ne da iskar kudu maso yamma daga Tekun Atalantika, tare da wadda dazuzzuka da gonaki ke fitarwa a kan hanya. Saman babban hadari yakan wuce kilomita goma, inda sanyi ya zarce na firizar gida, don haka kaso mai yawa na ruwan da ke sauka a gonakinmu ya fara ne a matsayin ƙanƙara, ya narke a hanya. Idan iskar cikin hadarin ta yi ƙarfi ta riƙe ƙwayar a sama har ta yi girma, sai ta faɗo ba ta gama narkewa ba. Wannan ce ƙanƙarar da ke yayyaga ganyen masara ta farfasa kwanon rufi.

Raɓa kuwa ba daga sama take zubowa ba. Da dare ciyawa da ƙarfe sukan yi sanyi fiye da iska, sai tururin da ke kusa ya kwanta a jikinsu, kamar yadda bayan kwalbar ruwan sanyi ke jiƙewa. Kada a haɗa ta da hazon hunturu, wanda ƙura ce da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi.

Irin wannan raɓa tana samuwa a cikin sito. Hatsin da bai gama bushewa ba yana fitar da tururi, da dare ya taru a ƙarƙashin kwano ko a jikin bango ya ɗigo kan buhuna, fumfuna ta kama. Wata fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana haifar da guba mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kafin a ɗure hatsi, a zuba kaɗan a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya. Buhuna kuma a ɗora su a kan katako, nesa da bango.

Kafin a kawo ƙara

Ga al'ummar da ke zargin tafkinta yana yoyo ko ana satar ruwansa, akwai gwaji mai sauƙi da dagaci da malamin gona za su iya jagoranta. A kafa sanda mai alamun santimita a cikin tafkin. A cika babban baho ko rabin duro da ruwa, a ajiye a bakin tafkin inda rana da iska ke samunsa, a killace shi daga dabbobi da tsuntsaye. A riƙa auna duka biyun kowace safiya har tsawon mako guda, ana rubuta adadin dabbobin da suka sha da sa'o'in da injina suka yi aiki. Bahon yakan ɗan fi tafki saurin raguwa saboda jikinsa yana ɗaukar zafi, don haka kimanin kashi bakwai cikin goma na abin da ya rage a bahon shi ne rabon rana a tafkin. Abin da ya haura wannan, bayan an cire na sha da na ban-ruwa, ƙasa ce ta tsotse, kuma shi ne ke nuna ko gindin tafkin na buƙatar daɓe da yumɓu. A miƙa wannan rubutaccen lissafi ga sashen ayyuka ko na aikin gona na ƙaramar hukuma tare da koken, ɗauke da ranakun da aka yi awon da sa hannun wakilan manoma da na makiyaya.